Wane Asali Za a Maido wa Fijon Malam?

Akwai wani lokaci a rayuwar mota da ba wanda yake sonta. Ta wuce sabuwa, ba ta kai abin tarihi ba, tsohuwa ce kurum. Kuma a wannan tsakanin ne ake yayyanka yawancin motoci a sayar wa 'yan gwangwan da kilo. Fijo 504 ta daɗe a cikin wannan hali a arewacin Najeriya. Ta sauka daga ƙofar gidan gwamna zuwa tashar mota, daga tasha ta koma dakon albasa da buhunan masara a hanyoyin kasuwannin ƙauye, daga can kuma ta kwanta a bayan gareji kaji suna ƙwai a kujerarta. Sai a 'yan shekarun nan ne kaɗan daga cikin waɗanda suka tsira suka fara samun wani irin kallo. Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa kulob-kulob na masu tsofaffin motoci daga ƙasashe da dama, tana lissafa mota a cikin na tarihi idan ta kai shekara 30, an adana ta a kan kamanninta, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Da wannan ma'auni, mafi yawan 504 da suka rage a ƙasar nan sun isa shiga sahu, in dai za a samu mai ɗaga su.

A 1968 aka fara nuna motar a Faris, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, da fitilun nan nata masu kama da idon da aka ɗage wa gira, da bayanta da ke karyewa ƙasa kamar an danna shi da hannu. Abin da ya saye zuciyar Afirka kuwa yana ƙarƙashinta ne: cikinta yana nesa da ƙasa, sifirinta na da dogon lilo da ke shanye rami, kuma injinta abu ne da bakanike zai kwance a gindin darbejiya ya mayar da shi kafin la'asar ta gobe. A 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Gabashin Afirka da ita. A shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma a shekarar ce ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji. Waɗannan abubuwa biyu na ƙarshe su suka cika titunan Najeriya da Fijo. Turai ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Wani malamin makaranta a Zariya, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, ya gaji irin wannan mota daga mahaifinsa, tsohon jami'in ilmi da ya saye ta sabuwa da rancen mota a ƙarshen shekarun 1970. Ranar rabon gado ba wanda ya yi jayayya a kanta. An yi mata kuɗi kaɗan, aka sa a kason babban ɗa, har wasu suna ganin an ɗora masa kaya. Ta yi shekaru a rumfar kwano a gefen zaure, tayoyinta sun zauna, ɓera ya yi gida a bayan dashbod. Da ya yanke shawarar tayar da ita, ya ɗauka tambayar da ke gabansa ta kuɗi ce. Sai ga shi kafin a kwance ƙusa ɗaya mutum uku sun faɗa masa yadda motar ya kamata ta kasance, kuma kowannensu yana ganin gaskiyar motar yake karewa.

Na farko shi ne bakaniken gidan, dattijo wanda yana yaron gareji lokacin da aka fara kawo motar juyen mai. “Ɗan Malam,” in ji shi, “ka bar mini ita wata uku, in maido maka da ita kamar ranar da ta fito daga Kakuri.” A wajensa wannan na nufin a kankare ta har ƙarfe, a fesa sabon fenti, a cire duk wani abin da aka maƙala mata daga baya. Na biyu ƙanin mai motar ne, wanda ya ce, “Yaya, in dai hawa za ka yi, a sa mata injin zamani da na'urar sanyi da manyan wili, a yi mata baƙin gilashi. Siffar ce abin so, sauran duk wahala ce.” Ta uku mahaifiyarsu ce. Shi ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, don haka ta kau da kai ta ce, “Kai, abin da Malam ya bari a jikinta, a bar shi.”

Abin da Malam ya bari yana da yawa. Akwai ƙarfen ɗaurin kaya da wani mai walda ya ƙera masa a saman motar. Akwai rigar kujera ta leda mai ruwan ƙasa da aka ɗinka a Sabon Gari don kare ta ainihin, ba a kuma taɓa cire ta ba. Akwai rediyon kaset na Japan da aka yanke dashbod aka cusa. Akwai sitikar makarantar horon malamai a gilashin baya, ta koɗe har sai wanda ya san ta ne zai karanta. Akwai kuma lotsawa a ƙofar baya ta hagu, inda wani bijimi ya kai mata karo a hanyar kasuwa, Malam kuwa ya ƙi gyarawa domin, a cewarsa, ƙofar tana rufuwa.

Maganar bakanike ita ce ta fi kama da hankali a ji na farko, kuma ita ce ra'ayin da ya mamaye duniyar masu tsofaffin motoci shekaru da dama: a mayar da mota ranar haihuwarta. Sai dai wanda ya nemi bin wannan hanya da 504 ta Kaduna zai yi karo da wata matsala tun a bakin ƙofa. Littattafan kayan gyara da hotunan talla da ke yawo a intanet yawancinsu na motocin Sochaux ne, wato masana'antar Peugeot ta Faransa, waɗanda aka yi don hanyoyi da sanyin Turai. Motar Kaduna ta zo ne a wargaje cikin akwatuna, aka haɗa ta a nan, aka kuma ƙara mata kayan gida gwargwadon abin da masana'antun ƙasar suke iya bayarwa a wannan shekarar. Tayoyin Michelin na Fatakwal da na Dunlop na Legas suna daga cikin irin waɗannan kaya, kuma duka masana'antun biyu sun daina ƙera taya a Najeriya tun tuni. Wanda ya bi littafin Faransa shafi-shafi, ya yi odar kowane abu daga Turai, zai tashi da mota mai kyau ƙwarai wadda ba ta taɓa wanzuwa ba: jikinta na Kakuri, kayanta na Sochaux. Ya share ainihin abin da ya bambanta ta da dubban 'yan'uwanta da ke garejin Faransawa.

Su kansu Turawan sun ja da baya daga wannan ra'ayi. A watan Janairun 2013 wani kundi na FIVA da ake kira Kundin Turin ya fara aiki, wanda aka gina a kan tunanin Kundin Benis na 1964 game da adana tsofaffin gine-gine. Jigon abin da ya ƙunsa shi ne cewa canje-canjen da aka yi wa mota a zamanin da take aiki shaida ce ta tarihinta, don haka ba dole ba ne a mayar da ita kamannin shekarar da aka ƙera ta. Ya kuma nemi duk wani canjin da ya zama tilas a yi shi ta yadda za a iya warware shi, a rubuta shi, a kuma ajiye ainihin abin da aka cire tare da motar. Da Hajiya ta san da wannan kundi, da ta ce ai abin da ta faɗa ke nan a taƙaice.

A 2024 aka ga inda wannan sauyi ya kai. Gasar Pebble Beach da ke Kalifoniya ita ce mafi daraja a tsakanin masu tsofaffin motoci, kuma an san ta da motocin da aka gyara har suka fi sababbi sheƙi. A wannan shekarar babbar kyautar ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 wadda ba a sabunta ta ba, karo na farko da irin haka ta faru. Fatar kujerunta ta tsufa, fentinta ya sha jiki. Abin lura shi ne ita ma ba a kamannin haihuwarta take ba. Motar tsere ce da aka juya ta zama ta hawa, sannan ta shiga hannun Sarki Leopold na Uku na Beljiyam, aka yi mata baƙin fenti da ratsin ruwan ɗorawa saboda shi. Son ran wani mai mota ne na shekarun 1930 alƙalai suka karrama a matsayin asali. Haka Rolls-Royce Phantom V ta John Lennon, mawaƙin Beatles: baƙa ce ta fito a 1965, a 1967 ya sa aka zane ta da furanni a kan ruwan ɗorawa, abin da ya ɓata wa masu ra'ayin riƙau rai a Ingila. A 1985 an sayar da ita sama da dala miliyan biyu, yau kuma tana hannun gidan tarihi na Royal BC a Kanada, inda ake lallaɓa wannan zanen kada ya ɓare. A gida ma akwai misali mafi nauyi. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta, kuma duk wanda ya kawo shawarar a cike su a yi fenti za a ce ya taɓu.

Mai gardama zai ce Malam ba sarki ba ne, ba mawaƙi ba ne, ba shugaban ƙasa ba ne, kuma karon bijimi ba harbin juyin mulki ba ne. Gaskiya ne, kuma a kasuwa bambancin yana da girma. Amma ba kasuwa ce ta sa ɗansa ya tayar da motar ba. Da 504 kawai yake so, da ya nemi wata mai lafiya ya saya da abin da bai kai rabin kuɗin gyaran wannan ba. Abin da ya sa wannan ta zama ita kaɗai a duniya shi ne shekarun da ta yi a hannun mutum ɗaya, kuma waɗannan shekaru a jikin ƙarfen ɗaurin kaya da sitika da lotsawar ƙofa suke rubuce. Sabon fenti zai shafe su a yini biyu.

A kan fenti ne aka fi daɗewa ana ja-in-ja, kuma ya cancanci haka, domin shi ne abu ɗaya a jikin mota da ba ya dawowa. Inji ana kwance shi a mayar, kujera ana cire ta a ajiye, amma fentin masana'anta sau ɗaya ake yin sa, a kan tsirarar ƙarfe, a gasa shi da zafin da ba za a iya maimaitawa ba bayan an sa wa mota waya da roba da gilashi. Arewa kuwa ta yi wa motocinta wata alfarma da Turai ba ta yi wa nata ba. Can gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara shi ne ya cinye yawancin 504 daga ƙasa. Nan iska busasshiya ce mafi yawan shekara, rana ce kawai take cin fenti daga sama, ta bar shi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Irin wannan koɗewar sau da yawa a fatar sama take tsayawa. Wanki mai kyau da gugar hannu da man goge fenti sukan fito da launin da ke ƙasa, ko da ba zai yi sheƙin sabo ba. Akasin haka shi ne abin da aka saba gani a garejin fenti: a goge da takarda mai kaushi, a shafe kowane rami da fila mai kauri, a fesa a fili ƙura tana sauka. Wata shida motar tana ɗaukar ido, shekara biyu filar ta fara tsagewa, ruwan damina ya shiga ƙarƙashinta, tsatsar da ba ta da hanya a da ta samu ƙofa. Masu sayen tsohuwar mota sun san wannan, shi ya sa suke yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, fila ce a wurin.

Wannan ba ya nufin a bar tsatsa ta ci gaba da cinta da sunan tarihi. Bahaushe ya san cewa ginin ƙasa da aka daina yi wa yaɓe ba adana shi aka yi ba, sallama shi aka yi wa damina. A motar Malam an samu ruɓa a ƙasan but, inda ruwa ya riƙa taruwa ta bakin robar da ta mutu, da kuma gindin ƙofofin gaba. Nan babu zaɓi: a yanke ruɓaɓɓen, a yi waldar sabon ƙarfe, a haɗa launi a fesa wa wurin kaɗai. Bakanike bai ji daɗi ba, yana ganin za a ce aikinsa ne ya fito dabbare-dabbare. “Baba,” in ji mai motar, “in an tambaya ka ce ni na hana.” Lotsawar bijimi ta zauna, domin fentin wurin bai fashe ba, ƙofar kuma har yanzu tana rufuwa.

Akwai sashen da ba a ɓata lokaci a kansa ba, kuma bai kamata a ɓata ba. Roba mai shekara arba'in ba ta da wata daraja ta tarihi idan ita ce ke riƙe da man birki. An canza tiyon birki da na fetur, da robobin cikin birkin, da tayoyi, da wayoyin da ɓera ya ci, aka sa bel mai aiki a kujerun gaba da na baya. Motar da za ta ɗauki jikokin Malam a hanyar Zariya zuwa Kano ba wurin gwada tsarkin asali ba ce.

Inji ne ya kawo maganar ƙanin a gaba, kuma maganarsa ba ta wauta ba ce. Injin 504 na fetur, mai kusan lita biyu da kafireto, yana shan mai fiye da na motocin yanzu masu girmansa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ya zama lissafin da malamin makaranta ba zai kau da kai daga gare shi ba. Amma sa injin wata mota yana jawo jerin abubuwa a bayansa: a yanke mazaunin inji a sake walda, a canza giya ko a ƙera abin haɗa su, a taɓa bututun da sandar juya ƙafafun baya take ciki, wanda yana daga cikin abubuwan da suka ba motar ƙarfinta a mugun hanya. Sannan lambar inji da ke takardun mota ta daina dacewa da abin da ke ƙarƙashin bonet. Alhali kuwa injin nata an gina shi ne don a riƙa sabunta shi. Silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa, a sa sababbi da fistan da ringi, gangar injin da lambarta suna nan yadda suke. Irin waɗannan kaya har yanzu ana samun su a wajen 'yan kayan Fijo a Kano da Kaduna, sai dai a yi hattara da jabu. Wannan hanya aka bi. Abu ɗaya na zamani da aka yarda ya shiga shi ne ɗan ƙaramin na'urar tayar da wuta da ta maye gurbin tsohon fayint a cikin distirbuta, wadda ba a ganinta daga waje, kuma za a iya cire ta a mayar da na da cikin rabin awa.

Tukunyar iskar gas, wadda mutane da yawa suke sa wa motocinsu yanzu don gudun tsadar fetur, an ajiye maganarta. Tana bukatar a huda ƙasan but a ɗaure ta, ta kuma cinye rabin wurin kaya. Da motar ita ce abin hawansa na kullum, da hujjar ta rinjaya, kuma ba mai adalcin da zai zarge shi. Tunda ta Juma'a da Sallah da ɗaurin aure ce, ramukan ba su biya kuɗinsu ba.

A kan na'urar sanyi kuwa ƙanin ne ya yi nasara, kuma daidai ne da ya yi. Waɗanda suka rubuta Kundin Turin ba su san watan Afrilu a Zariya ba. Motar da ba a iya zama a cikinta wata uku a shekara za ta koma rumfa, motar da ta koma rumfa kuwa robobinta su bushe, birkinta ya kame, fetur ya ruɓe a tankinta. Zama yana kashe mota fiye da tafiya. An yi 504 masu na'urar sanyi tun a zamaninta, don haka akwai mazauni da kayan da suka dace da ita ba tare da an yanka komai ba. Bambancin kawai shi ne iskar da ake ɗura wa na'urorin wancan lokaci, R12, an daina yin ta bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarta ga sararin samaniya, don haka sai an yi amfani da kayan da ke aiki da wadda ta gaje ta. Manyan wili da baƙin gilashi ba su samu shiga ba. Ba don haramun ne ba, ana iya cire su. Sai don taya mai siririn gefe tana kashe laushin tafiyar da aka san motar da shi, baƙin gilashi kuma yana sa ta yi kama da mai ɓoye wani abu, ita da aka saba ganin wanda ke cikinta a ɗaga masa hannu.

Da aka zo kan rigar kujera sai ra'ayin Hajiya ya ci karo da kansa. An ɗaga ledar a gefe ɗaya don a duba, sai ga ainihin yadin masana'anta a ƙarƙashi, bai taɓa ganin rana ba, launinsa kamar jiya aka ɗinka. Malam ya rufe shi ne don ya kare shi, ya kuwa kare shi har ya rasu bai zauna a kansa ba. To wanne ne abin da Malam ya bari, ledar da kowa ya san motar da ita, ko yadin da ya yi shekara arba'in yana tattali? Babu kundin da zai amsa wannan. Ledar kujerar direba ta riga ta yayyage, soso yana leƙowa, don haka aka cire ta gaba ɗaya a gaba, aka bar ta baya inda yara suke zama. Wanda ya leƙa motar yau zai ga kujeru iri biyu, kuma alƙalin gasa zai rage mata maki a kan haka.

Saura tambayar da mai motar ya fi jin nauyin yi: shi fa, yana da izinin ƙara nasa? Mutumin da ya gaji abu yakan ji kamar mai gadi ne kawai, duk abin da ya taɓa ya ɓata. Amma rediyon kaset ɗin nan da yanzu ake lallaɓawa, ranar da aka yanke dashbod aka sa shi sabon abu ne na Japan a cikin motar Faransa, kuma da akwai mai kishin asali a wurin da ya yi Allah wadai. Malam bai ɗauki motarsa kayan tarihi ba. Ya yi mata abin da mai mota yake yi wa motarsa a ƙasar da ake rubuta addu'a da karin magana a goshin manyan motoci, ake zana zaki da dawisu a bayansu. Hana ɗansa yin haka zai mayar da motar kabari. Bambancin da ke tsakaninsu ɗaya ne: a zamanin Malam dashbod ɗin 504 abu ne da ake samu a kowane lungu, yau kuwa wanda aka yanka ya yanku. Saboda haka abin da ɗan ya ƙara duk masu fita ne. Ya kai sitiyarin wajen dukawa suka naɗe shi da jar fatar akuya, ɗinkin hannu, a kan ainihin robar ba tare da an kankare ta ba. Ya sa aka ɓoye 'yar na'urar da ke karɓar sauti daga waya a cikin aljihun dashbod, aka haɗa ta da lasifikan da ke nan, kaset ɗin Malam yana wurinsa yana kuma aiki. Ƙarfen ɗaurin kaya an sauke shi, an kankare tsatsarsa, an sa roba a ƙafafunsa don ya daina cin rufin, aka mayar.

Akwai wani haɗari da ke tattare da duk wannan, wanda ba ya bayyana sai mota ta canza hannu. Tun da tsufa ya fara tsada a kasuwar tsofaffin motoci, an samu masu ƙirƙirar tsufa: a yi sabon fenti a dusashe shi da gangan, a sa lambar wata mota a jikin wata, a kira gyararriya da sunan wadda ba a taɓa ba. Gyara ba laifi ba ne, ƙari ba laifi ba ne. Ɓoye su ga mai saye shi ne algus, kuma fiƙihun ciniki da ake karantawa a zaurukan Zariya ya daɗe da wajabta bayyana aibin haja. Maganin abu ne mai arha. Mai motar ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, irin na rajistar makaranta, yana rubuta kowane aiki da ranarsa da dalilinsa, ya manna hoton wurin kafin a taɓa da bayan an taɓa. A shafukan farko ya sa takardun da aka samu a jakar Malam: rasiɗin saye, tsofaffin lasisi, da wani kati da aka riƙa rubuta ranakun juyen mai da biro.

Kayan da aka cire kuma ba a zubar ba. Tsohon fayint, ledar kujerun gaba, guntun ƙarfen but da aka yanke, har da murfin wili ɗaya da ya lanƙwashe, duk suna cikin wata akwatin ƙarfe a ɗakin ajiya, kowanne da takarda a ɗaure. Bakanike yana ganin wannan tarin shara ne, ya kuma faɗa. Har yanzu bai haƙura da maganar fenti ba. Duk lokacin da aka kawo motar juyen mai sai ya shafa rufin da tafin hannu ya ce da an bar shi da yanzu ana ganin fuska a nan. Sitikar gilashin baya ce kaɗai ba a san yadda za a yi da ita ba, domin tana ci gaba da ɓarewa a gefe, kuma duk gam ɗin da aka gwada a kusurwarta sai ya ƙara cin rubutun.